Goron da Ammatullahi Ta Hana a Raba

Sallama gare ku, ku da kuke riƙe da waya kuna bin labarin gidana. Wanda ya shigo yau bai makara ba, ya matso kusa. Sunana Umara, wankin hula nake yi a Hausari, nan cikin Maiduguri. 'Ya mace ɗaya Allah Ya ba ni, Ammatullahi, mu a gida Ammatu muke ce mata. Ta yi karatun ungozoma, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Mai nemanta Mikail ne, yaron unguwar Bolori, mai ladabi, wanda tun daga bakin layi yake cire takalmi in ya hango ni. Da kakar zaɓe ta zo, sai ya samu aiki a ofishin yaɗa labarai na wani Alhaji da ke neman kujerar sanata. Abokin hamayyar Alhajin wani Injiniya ne. Ba zan kama sunan kowa a cikinsu ba, domin hulunan magoya bayansu duka a rumfata suke bushewa, kafaɗa da kafaɗa, kuma ban taɓa ganin hula ta zagi hula ba.

An riga an tsayar da ranar Asabar za a kawo kororam, wato goro da alawa da cingam da dangin saurayi ke kawowa don tambayar yardar yarinya. Ina lissafin tabarmin da zan aro ke nan, ina ɗora hula a kan itace ina shafa mata sitaci, sai ga maƙwabcina Polycarp. Shagonsa na kayan lantarki yana jikin rumfata. Ko a shekarun da gari ya rikice kowa yana gudu, mutumin nan bai tafi ko'ina ba. 'Yarsa Chinecherem da Ammatu tare suka yi makaranta.

Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

“Maƙwabci, ajiye hular nan. Ka ga wannan?”

Na goge hannu na karɓi wayar. Ammatu ce a hoto, cikin koren leshi na anko, ta yafa farar lafaya. A gefenta Injiniya yana murmushi. A bayansu ƙofar coci. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: GA MUTUMIN DA KE KAI 'YA'YAN MUSULMI COCI. WANNAN BUDURWARSA CE TA ƁOYE, 'YAR HAUSARI.

Sai ji na yi na zauna a kan bokiti.

Na san hoton. Bikin Chinecherem ne, bara. Injiniya ya je ne domin a wurin Polycarp yake sayen wayoyin wuta. Mu da yawa muka tsaya aka ɗauka: amarya da ango, Polycarp da matarsa, har da ni kaina, da hulata zanna da na goge ta musamman. An yanke kowa. Abin da ya rage nawa a hoton shi ne bakin hannun rigata, a can gefe.

“Sun yanke ni, maƙwabci,” na ce.

“Sun yanke ni ni ma, kuma bikin 'yata ne,” in ji Polycarp. Idonsa ya yi ja. “Je ka gida. Ni zan kula da hulunan.”

A hanya na gane labarin ya riga ni. Matan da ke layin famfo suka yi shiru da na wuce, shirun da ya fi magana ciwo. Ina shiga gida na tarar da Falmata, uwar Ammatu, zaune a bakin murhu, shinkafa tana ƙonewa ba ta ji ba. Ta miƙo mini wayarta.

“Malam, saurara. Wai ni ce.”

Muryar wata mata ce tana kuka da Hausa, tana cewa ita ce mahaifiyar yarinyar, wai Injiniya ya raba ta da 'yarta, jama'ar Musulmi kada su zaɓe shi. Kuka har da shessheƙa.

“Ni?” in ji Falmata, ta dafa ƙirji. “Yaushe na taɓa kuka da Hausa? Duk Hausari wa bai san in raina ya ɓaci Barbarci nake yi ba? Ko mai kukan ma ba su iya nema ba!”

Dariya ta so kama ni, hawaye ya riga ta.

Da la'asar Ammatu ta dawo daga aiki. Na zaci za ta shigo da kuka. Ta yi sallama, ta cire takalmi ta jera su, ta rataye jaka, ta sauke shinkafar da ta ƙone ta ɗora wata. Sai da ta gama duk wannan ta zo ta durƙusa a gabana.

“Baba, da wayata aka ɗauki hoton nan. Mutum ɗaya na tura wa.”

Ta buɗe mini hirarta da Mikail ta ranar. Ga ta yadda na karanta:

“Mikail, hoton nan kai kaɗai na tura wa.”

“Wallahi ba ni na yi ba, Ammatu. Oga Mahfuz ne, shugaban ofishinmu, ya ce duk mai hoton Injiniya ya kawo.”

“Ka kai?”

“Ban san abin da za su yi da shi ba.”

“Yanzu ka sani.”

“Ki yi haƙuri zuwa bayan zaɓe, kowa zai manta. In na yi magana yanzu korata za su yi, kuma an yi mini alkawarin aiki a Abuja. Don ke nake yi, don gidanmu.”

Daga nan sai saƙonninsa suke ta sauka, “ki yi magana mana”, “kina fushi ne”, har da hoton fure. Ko ɗaya ba ta mayar ba.

Ku iyaye da kuke karantawa, kun san abin da ke cin uba a irin wannan lokaci. Ni ba zaɓe ne a gabana ba. Duk wanda ya ci, washegari sitaci zan dama. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne: in Asabar ta zo mutanen Bolori ba su zo ba fa? Shi ke nan ƙarya ta zama gaskiya. Za a ce ai ga shi har masu nemanta sun janye. Yarinyar da na kai makaranta a kan keke, wadda ta sauke Alƙur'ani ina zaune ina jin ta, za ta zama abin nuni a gari saboda kujerar wani.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Wani da ya daɗe yana kawo mini wanki ya zo ya kwashe hulunansa a jiƙe. A masallaci wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, “Malam Umara, a riƙa lura da yara.” A asibiti wata mai naƙuda ta ce ba ta son “wadda ke hoton nan” ta taɓa ta. Ammatu ta faɗa mini wannan tana wanke kwano, kamar labarin wata take bayarwa, amma na ga yadda take murza soso.

Su ma mutanen Injiniya ba su bar mu ba. Suka zo da wata doguwar mota suka tsaya a ƙofar gida, suka ce Ammatu ta zauna a ɗauke ta a bidiyo tana kuka, tana tsine wa Alhaji. Ɗayansu ma ya rage murya ya ce su ma suna da hoton matar Alhajin, za su gyara shi yadda zai fi namu zafi.

Daga bayan labule Ammatu ta amsa musu.

“Matar Alhaji ita ma 'yar wani ce. Ku gaida Injiniya, ku ce masa ni ba fosta ba ce da kowa zai manna a bangonsa.”

Suka tafi suna gunaguni. Ni kuwa sai na ga mun ɓata da ɓangare biyu a mako guda.

Asabar ta zo. Tun da safe na share ƙofar gida da kaina, na shimfiɗa tabarmi, na zauna ina kallon bakin layi. Falmata ta turara gidan har hayaƙin turaren wuta yana fita ta taga. Ƙanwata Hajja Kaltum, wadda ita ce goggon Ammatu, ta zo da lafayarta mai ruwan goro, tana ta faɗa da kowa don ta ɓoye fargabarta.

Bayan azahar sai ga mota. Wallahi sai da na yi hamdala a bayyane. Kawun Mikail, Alhaji Grema, ya fito da dattawa, ana biye da su da manyan farantai an rufe da mayafi: goro fari da ja, alawa, cingam, kwalaben turare. Mikail ne ya tuƙo su, amma ya tsaya a bakin layi cikin motar, tunda saurayi ba ya zama a irin wannan wuri.

Aka gaisa, aka yi wushe wushe, gaisuwarmu ta Barebari, aka sha ruwa. Alhaji Grema ya gyara babbar riga ya yi gyaran murya.

“Malam Umara, mu mutane ne masu rufin asiri. Duk da abin da ake yaɗawa a kan yarinyar nan, mun zauna mun ce za mu karɓe ta a haka. Da wasu ne, da sun fasa. Mu mun yafe.”

Mun yafe! Ɗanku ya kai hoton, ku ne kuma masu yafewa? Amma na haɗiye. Na ce a raina, Umara, yi shiru, a raba goron nan a rufe bakin mutane, sauran magana daga baya.

Ga yadda ake yi a wurinmu, don waɗanda ba 'yan nan ba. Goggo ce ke ɗaukar faranti ta shiga wurin yarinya ta tambaye ta ko ta yarda. Yarinya ba ta magana. Rufe fuska take yi da mayafi, ta sunkuyar da kai, shirun nan shi ne amsa. Sai mata su rangaɗa guɗa, sannan 'yan mata su ɗauki goro da alawa su bi gida gida suna rabawa. Duk gidan da ya ci goron ya shaida an ba da yarinya.

Hajja Kaltum ta ɗauki faranti ta shiga. Muka zauna muna jiran guɗa.

Shiru.

Alhaji Grema ya duba agogo. Ni na duba ƙasa.

Sai labule ya motsa. Ammatu ce ta fito, goggonta a baya riƙe da farantin. Sai na ga abin da ta sa: koren leshin nan na anko, da farar lafayar nan, daidai yadda take a hoton. Fuskarta a buɗe. Ta durƙusa ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo gare ni.

“Baba, ina neman izinin magana.”

Dattawa suka kalli juna. Na ce, “Faɗi.”

“Ban ƙi Mikail ba. Amma goron nan ba 'yan mata za su raba shi ba. Duk gidan da goron zai shiga, hoton nan ya riga shi shiga. In aka raba shi yau a haka, cewa za a yi an rufa mini asiri, ni kuma ba ni da asirin da za a rufa. Mikail ne zai ɗauki farantin da kansa. A kowace ƙofa ya faɗi daga wayar wa hoton ya fita, ya nuna musu na asali. In ya dawo, Goggo ta sake tambayata.”

Alhaji Grema ya miƙe tsaye har hularsa ta karkace.

“Subhanallahi! Saurayi da faranti a ka kamar mai tallan gyaɗa? Ina aka taɓa yin haka?”

“Alhaji, zauna mana,” in ji Hajja Kaltum. “Yanke uban yarinya daga hoto a manna mata ƙarya, shi ma ba a taɓa yi ba. Daga wajenku aka fara.”

“Malam Umara!” Alhaji Grema ya juyo kaina. “Kai ne mai gida ko su? Ka yi magana, ko mu kwashe kayanmu.”

Kowa ya zuba mini ido. Ga abin da na yi mako ina tsoro ya zo ya tsaya a gabana: su kwashe kaya su fita, duk layi yana kallo. Kalma ɗaya zan faɗa Ammatu ta koma ɗaki ta rufe fuska, don ba ta taɓa ƙetare maganata ba. Na dube ta. Kanta a miƙe yake.

Na ce, “Alhaji, abin da ta faɗa shi ne maganata. A kira Mikail.”

Aka kira shi. Ya shigo cikin farar shadda, da hular da ni na wanke masa, ya tsuguna nesa da tabarma. Hajja Kaltum ta maimaita masa sharaɗin ba ta rage ko kalma ba.

“Baba,” ya ce da ni, murya ƙasa ƙasa, “in na yi haka aikina ya tafi. Oga Mahfuz ba ya yafiya.”

Ammatu ce ta yi magana, ba ta ko kalle shi ba.

“Ka ce don gidanmu kake yi. Gidan da za a riƙa nuna matarsa a layin famfo? Ni na iya zama da mai neman aiki, Mikail. Ban iya zama da wanda ya san gaskiyata ya yi shiru ba.”

Alhaji Grema ya ce, “Tashi mu tafi, yaro. Mata sun ƙare ne a Maiduguri?”

Mikail ya daɗe a tsugune. Can sai ya miƙe. Na ce shi ke nan, tafiya zai yi. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya je gaban Hajja Kaltum ya miƙa hannu biyu.

“Goggo, ba ni farantin.”

Ni na bi bayansa, don in zama shaida. Gidan farko na matar da ta fi kowa tura hoton ne a layinmu, kowa ya san ta. Ya yi sallama, ta leƙo, ta ga saurayi da faranti, ta saki baki.

“Goron Ammatullahi ne,” in ji shi. Muryarsa tana sarƙewa. “Ni ne mai nemanta. Hoton da kuka gani daga wayata ya fita. Yanke shi aka yi a ofishinmu. Muryar da kuka ji ma ba ta mahaifiyarta ba ce. Ga na asali.”

Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido.

“La ilaha illallahu! Ai ga Malam Umara nan a tsaye da hularsa! Ga amarya da ango ma!” Ta dube ni, ta rasa inda za ta sa fuska. “Malam, ni ma turo mini aka yi.”

“Ɗauki goro,” na ce.

A gida na gaba muryarsa ta ɗan daidaita. Kafin mu kai tsakiyar layi ta daina rawa, yana faɗa da ƙarfi har na bayan katanga suna ji. Mutane suka fara binmu. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, wani yana cewa, “Ango mai talla, nawa alawa?” aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Dattijon nan na masallaci ya kalli hoton ya daɗe, sannan ya kama hannuna ya riƙe. Duk tsawon tafiyar wayar Mikail tana ruri a hannunsa tsakanin ƙofa da ƙofa. Na ga sunan da ke fitowa: Oga Mahfuz. Kashe kiran yake yi ya sake buɗe hoton.

Muka ƙarasa har shagon Polycarp. Ya fito ya tsaya ya ji bayanin har ƙarshe, fuska a murtuke. Sannan ya ɗauki goro ɗaya ya ɗaga shi sama yadda suke yi a garinsu, ya yi addu'a da yarensu, ya fasa, ya miƙa wa Mikail ɓari.

“Ci,” in ji shi. “Ka ɓata mini hoton biki, amma yau ka gyara. Naka bikin ni zan ja wutar, kuma ni zan tsaya a tsakiyar hoto, in ga mai yanke ni.”

Rana ta yi sanyi muka dawo, farantin babu komai sai ganyen goro. Shaddar Mikail ta jiƙe da zufa. Alhaji Grema bai tafi ba, yana zaune ya haɗa rai, amma na lura akwai alawa a kumatunsa.

Hajja Kaltum ta shiga ɗaki. Wannan karon ba mu daɗe ba. Falmata ta ce mini daga baya, goggon tana buɗe baki Ammatu ta ja lafaya ta rufe fuska ruf, kamar ba ita ce ta tsayar da dattawa ɗazu ba. Guɗar da ta tashi daga gidana ran nan, na tabbata har unguwar Abbaganaram an ji ta. Ni kuwa na juya fuska ga bango, wai ina gyara tabarma.

Na zaci an gama. Dattawa sun shiga mota, Mikail ya zo yi mini sallama, sai ga hannun Ammatu ya fito ta gefen labule, da lalle a yatsu, riƙe da farin goro guda ɗaya, babba, a naɗe cikin ganye. Ashe tun farko ta ware shi.

“Baba, saura gida ɗaya,” ta ce. “Duk Maiduguri babu wanda ya yaɗa sunana kamar Oga Mahfuz. Bai kamata a ci goron aurena babu shi ba. A kai masa har ofis, a gaban yaransa, a nuna masa hoton shi ma, ko ya manta yadda yake.”

Mikail ya kalli goron, ya kalli wayarsa da ta sake fara ruri, sannan ya kalle ni.

Na riga na cire takalmina. Na sunkuya na mayar da su.

“Karɓi goron, ɗana,” na ce. “Ni ne wanda ya yanke daga hoton. Gara ya gan ni gaba ɗaya.”